Zauren Tambaya: Kyarketan Carnobil, ƙarfen bola da rijiyoyin Arlit

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda, wato tururin nukiliya. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su saboda fili, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Assalamu alaikum Malam. An turo mini bidiyon dajin Carnobil a WhatsApp, inda tashar nukiliya ta taɓa fashewa. Ga dawakai, ga kyarketai, ga barewa, duk ɓul-ɓul da su. Mai maganar ya ce wannan ya nuna tsoron da ake ba mutane farfaganda ce kawai. Ina karatun kimiyyar halittu, abin ya ɗaure mini kai.
*Daga wata ɗaliba a Katsina*

Wa'alaikumus salam, 'yata. Dabbobin da kika gani suna nan da ransu, ba haɗa hoton aka yi ba. Hukuncin da mai maganar ya yanke ne ban yarda da shi ba.

Tukunyar nukiliya ta huɗu ta tashar lantarki ta Carnobil, a arewacin Yukren, ta fashe da tsakar daren 26 ga Afrilu 1986. Washegari aka kwashe mutanen garin Pripyat, kusan 49,000, sannan aka shata da'irar kilomita 30 aka fitar da kowa. A shekarar kaɗai mutum wajen 116,000 suka bar gidajensu. Abin da ya sami dajin a watannin farko shi ne ba a sa a bidiyon ba. Itatuwan fayin da ke yamma da tashar, ɗaruruwan hekta, sun mutu a tsaye, ganyensu ya rine ya koma ja, shi ya sa har gobe ake ce wa wurin Jan Daji. Da katafila aka ture su aka binne. Ƙwari da tsutsotsin ƙasa da ɓeraye sun ragu ƙwarai a inda burbushin ya fi zuba. Dawakan da aka bari a wani tsibiri cikin kogin Pripyat, kilomita 6 daga tashar, mutuwa suka yi, don aidin mai tururi ya lalata musu 'yar tsokar nan ta wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo. Shanun da suka tsira a tsibirin kuwa suka tsumbure.

Daga baya zafin ya yi ta sauka. Aidin-131 duk kwana 8 ƙarfinsa ke raguwa da rabi, kafin wata uku ya kusa ƙarewa. Siziyom-137 da sitironshiyom-90 su ne masu naci, kowannensu sai ya yi kusan shekara 30 kafin ya ragu da rabi, kuma ba bai-ɗaya suka zuba ba: nan da zafi, can gaba kaɗan da sauƙi. A lokaci guda kuma ɗan Adam ya tattara ya tafi. Ba noma, ba farauta, ba saran itace, ba motar da za ta take dabba a hanya. A 2015 aka fitar da ƙidayar shekaru da aka yi a ɓangaren Belarus na yankin, ta jirgi mai saukar ungulu da bin sawun dabbobi a kan dusar ƙanƙara. Barewa da aladen daji sun kai yawan na gandun dajin da tururi bai taɓa ba, kyarketai kuwa sun ninka har sau 7. Farfesa Jim Smith na Jami'ar Portsmouth yana cikin masu binciken, kuma bai ce tururi na da amfani ga dabba ba. Abin da ya nuna shi ne zaman mutum, da bindigarsa da garmarsa da gatarinsa, ya fi tururin yi wa namun daji ɓarna. Dawakan da suka burge ki ma baƙi ne, jinsin dawakan dajin Mongoliya, a 1998 aka kawo wajen 30 aka saka.

Wanda ya tsaya bakin kasuwa ran kasuwa ya ga cinkoso, ba zai rantse cewa garin ba majinyaci ba, majinyatan suna gida kwance. A daji ma majinyaci ba ya samun kwanciyar, kyarkeci ya cinye shi tun kyamara ba ta gan shi ba, wata dabbar daga wuri mai tsabta ta shigo ta maye gurbinsa. Sai an kama dabba an duba jikinta ake ganin sauran labarin. Timothy Mousseau da Anders Møller sun shafe shekaru suna kama tsuntsaye a can. Sun ba da rahoton tsattsewa masu dabbare-dabbaren farin gashi, da tsuntsaye masu yanar ido, da masu ƙwaƙwalwa ƙarama da kusan kashi 5 cikin 100. Sun kuma ajiye jakunkunan busasshen ganye a daji tsawon wata 9, suka tarar na wuraren da suka fi gurɓata sun ƙi ruɓewa yadda ya kamata, don ƙananan halittun da ke wannan aiki sun yi rauni. Ganyen da bai ruɓe ba makamashin gobara ne, gobara kuwa tana tayar da burbushin sama, kamar wadda aka yi a Afrilun 2020. Wasu masanan suna sukar hanyar awonsu, suna cewa sun zuzuta, kuma gardamar ba ta mutu ba. Don neman ƙarin haske ne aka rataya wa kyarketai abin wuya mai ɗauke da GPS da ma'aunin tururi tare, a san inda dabba ta kwana da yawan abin da jikinta ya sha. A Fukushima ta Japan, bayan haɗarin tashar nukiliya na 2011, macizai aka manna wa irin wannan na'ura, tunda ba sa nisa kuma kullum cikinsu na ƙasa.

Ni a ganina ɓangarorin biyu sun faɗi gaskiya: yawan dabbobin ya ƙaru, ɗaiɗaikunsu kuma a wurare masu zafi suna ɗauke da lahani. Ɓeran da ke rayuwar shekara guda ba ya daɗewar da sankara za ta kama shi. Yarinyar da za ta sha nonon saniyar wurin kuwa tana da shekara 70 a gabanta. Yara da matasa fiye da 6,000 ne aka samu da sankarar wuya a Yukren da Belarus da Rasha zuwa 2005, kuma ta nono aidin ɗin ya fi shiga jikinsu.

Malam, an kafa eriyar kamfanin waya a bayan gidanmu, tun daga nan tattabaruna suka rage ƙyanƙyasa. Tururin nukiliya ne?
*Daga wani mai kiwon tattabaru a Gusau*

A'a, Malam. Abin da eriya ke fitarwa dangin na gidan rediyo ne, ba shi da ƙarfin da zai tsinka ƙwayoyin gado a jiki yadda na yuraniyom ko siziyom ke yi. Ko ka kai ma'aunin tururin nukiliya gindin eriyar, ba zai ƙara komai a kan abin da yake nunawa a ɗakinka ba. Ka duba janaretan da ke kwana yana ruri da hayaƙin dizal ɗinsa, ka duba ko kyanwa ko ɓera sun sami hanya, ka kuma kai ɗaya daga cikin tattabarun wurin likitan dabbobi.

Ranka ya daɗe, sana'ata gwangwan. Muna sayen ƙarfen asibiti da na kamfanoni. Na ji an ce wani ƙarfen na kashe mutum ba tare da ya yanke shi ba. Yarona ya sa mini wata manhaja a waya ya ce tana gano shi. In dogara da ita?
*Daga wani ɗan kasuwa a Kano*

Alhaji, Allah ya sa wa nema albarka. Kada ka dogara da ita. Yawancin waɗannan manhajoji maganaɗisu suke aunawa, shi ya sa suke tsalle kusa da kowane ƙarfe. Akwai 'yan kaɗan da ke amfani da idon kyamara bayan an liƙe shi da baƙin tef, amma kafin su farga ka riga ka daɗe a inda bai kamata ka tsaya ba.

Abin da ka ji gaskiya ne, kuma 'yan sana'arku ya faɗa wa. A Satumbar 1987, a birnin Goyaniya na Birazil, wasu mutum biyu suka shiga wani asibitin gashin sankara da aka yi watsi da shi, suka ciro kan injin suka sayar wa mai gidan gwangwan. A ciki akwai garin siziyom-137 mai shuɗin haske cikin duhu. Mai gidan ya ga abin sha'awa, ya kai gida, ya gutsura wa 'yan'uwa da abokai. Aka fara amai da gudawa da ƙuna a fata, kowa na zaton abinci ne. Matarsa ce ta zargi ƙarfen, ta sa shi a jaka ta hau bas ta kai ofishin lafiya, bayan mako biyu ana wasa da shi. Mutum 4 suka mutu, har da ita da wata yarinya 'yar shekara 6. Mutum 112,000 aka tara a filin ƙwallo aka auna, aka sami 249 da burbushin a jikinsu ko a kayansu, aka rushe gidaje. Irin waɗannan ƙullin suna nan a ƙasarmu: a injin asibiti, a na'urar ɗaukar hoton waldar bututun mai, a kayan awon rijiyar mai, a ma'aunin danƙarewar ƙasa na masu aikin titi.

Na'urar da kake bukata ita ce Gaiga, wadda Hans Geiger da ɗalibinsa Walther Müller suka kammala a 1928. Ɗan bututu ne mai iskar gas, da siririyar waya a tsakiya mai ɗauke da ɗaruruwan bolt na lantarki. Duk ƙwayar tururin da ta ratsa gas ɗin sai wuta ta yi tsalle, na'urar ta ce ƙyas. Ina da ita, da ita nake koyar da ɗalibai. A aji jefi-jefi take ƙyastawa, don ƙasa da bango da sararin sama duk suna fitar da ɗan kaɗan. Ma'aunin kan tsaya tsakanin 0.1 da 0.2 na maikrosibat a awa, wato awon tururin da jiki ke sha. In na kusantar da tsohon farin ƙyallen fitilar gas, irin na da mai toriyom, sai ta kama tatata. Haka ta yi mini a kan baƙin yashin da masu wankin kuza suka bari a Filato. Ƙaramar Gaiga kuɗinta bai wuce na waya mai matsakaicin tsada ba, ƙungiyarku ta kasuwa za ta iya sayen ɗaya ta ajiye wurin sikeli, duk kayan da suka sauka a bi su da ita kafin a sa musu guduma ko wutar yanka.

Sai dai ka san iyakarta. Ƙirga take yi, ba ta faɗin wane sinadari ne. Wannan aikin na'urar da ke da ƙanƙarar gishirin aidin ce, mai walƙiya in tururi ya buge ta, ko ta jamaniyom da ake sanyaya ta a ɗakin gwaji. Kuma kowace na'ura tana da inda take tsayawa. A daren Carnobil, ma'aunan da ke hannun ma'aikata ba sa wuce ronjen 3.6 a awa, wani tsohon awon tururi. Allura ta kai ƙarshe ta tsaya, aka ɗauki wannan lamba aka kai wa manya, alhali a wasu sassan ginin abin ya ninka haka sau dubbai. In ka ga taka ta cika ta ƙame, ko tana ƙara ta yi shiru farat ɗaya kusa da wani abu, ka ɗauka abin ya fi ƙarfinta ne. Duniya ma ba daga bakin gwamnatin Sobiyet ta fara ji ba. Da safiyar 28 ga Afrilu ƙofar awo ta tashar Forsmark a Suwidin, fiye da kilomita 1,000 daga wurin, ta yi kuka a kan takalmin wani ma'aikaci. Suka bincike tasharsu ba su ga ɗigo ba, suka bi iska, sai da dare Mosko ta amsa.

Kafin ku sayi na'urar, ka koya wa yaranka alamar: fukafukai uku irin na fanka a kan rawaya, ko jan kusurwa uku mai ƙoƙon kai da mutum yana gudu. Ƙaramin tulun ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, shi ma abin zargi ne, don da darma ake lulluɓe su. Kada a fasa, kada a sa a aljihu, kada a kai gida. A ja baya, domin duk ninka tazara sau biyu tana mayar da tururin kashi ɗaya cikin huɗu. A kewaye wurin, a sanar da 'yan sanda da hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya a Najeriya.

Malam, barka da aiki. Mahaifina makiyayi ne, raƙuma da awaki, yakan bi ta wajen Arlit da su. Bana taguwa biyu sun yi ɓari. Mutane na cewa ƙurar yuraniyom ce. Nonon da naman suna da haɗari a gare mu?
*Daga wani mai karatu a Agadas*

Barka kadai, ɗana, ka gaishe mini da Baba, Allah ya mayar masa da alheri. A fara kiran likitan dabbobi ya ɗebi jini, don bakkale da sammore da wahalar rani duk suna sa ɓari, bakkale kuma tana kama mutum ta ɗanyen nono, ita tafasawa ke kashe ta. Amma damuwar mutanenku tana da tushe, kada wani ya mayar da ita jahilci.

Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da yuraniyom a Arlit, a arewacin Nijar, a 1971, COMINAK a Akokan a 1978 har aka rufe shi ranar 31 ga Maris 2021. In an niƙa dutse an tsame yuraniyom, dusar da ta rage tana riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na tururin, saboda radiyom da toriyom suna ciki, radiyom-226 kuwa shekara 1,600 yake yi kafin ya ragu da rabi. Tulin COMINAK kaɗai ana ƙiyasta shi da tan miliyan 20, kuma shirin da aka yi shi ne a rufe shi da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2. A Nuwambar 2009 ƙungiyar Greenpeace ta je da ma'aunai, ɗakin gwajin CRIIRAD na Faransa ya auna abin da ta ɗebo. A wani titin Akokan da aka yi ciko da dutsen ma'adinin sun sami tururi kusan ninki 500 na yadda aka saba, kuma huɗu daga cikin samfurin ruwa biyar sun wuce iyakar yuraniyom ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamfanin Areva na Faransa, uwar SOMAIR da COMINAK a lokacin, wanda yanzu ake kira Orano, ya ce abin da mazauna ke sha bai wuce ƙa'idar milisibat 1, wato maikrosibat 1,000, a shekara ba, amma ya kwashe cikon titin. Almoustapha Alhacen, ma'aikacin ma'adinin da ya kafa ƙungiyar Aghirin'man, ya daɗe yana bin kasuwa da Gaiga yana zaƙulo gurɓataccen ƙarfen da ake ƙera tukwane da ƙofofi da shi. A 2017 aka ba shi lambar yabo ta Nuclear-Free Future Award.

Ta baki abin ke shiga dabba: ruwan da ta sha, ƙurar da ta kwanta kan ganye, da ƙasar da akuya ke haɗiya in ciyawa ta yi gajarta. Yuraniyom ƙoda yake wahalarwa, radiyom kuma jiki na ɗaukarsa a matsayin sinadarin ƙashi ya kai shi can ya ajiye. Su biyun ba sa ratsawa zuwa nono da yawa yadda aidin da siziyom ke yi, don haka ƙashi da ƙoda da hanta sun fi tsoka da nono tara su. Ruwan rijiyar da ku da dabbobin kuke sha tare shi ya fi damuna. Tafasa shi ba ya cire yuraniyom.

Akwai makiyayan da suka sha irin wannan, kuma awo ne ya cece musu dukiya. Ruwan sama ya sauke siziyom ɗin Carnobil a kan gansakukar da barewar kiwon mutanen Sami ke ci a arewacin Suwidin da Norwe. A shekarar farko Suwidin ta zubar da naman fiye da 70,000. Daga baya suka gane su riƙa yanka da wuri kafin dabbobin su koma cin gansakuka, ko su ba su abinci mai tsabta na 'yan makonni. A Norwe har gishirin lasa ake haɗawa da wani shuɗin sinadari mai kama siziyom a hanji ya fita ta kashi. A tsaunukan Birtaniya, ciki har da na yankin Wels, gonaki kusan 10,000 aka sa wa takunkumi. Ana dafa na'ura a cinyar tunkiya da ranta, wadda ta wuce bekarel 1,000 a kilo, wato awon tururin da ke cikin naman, a shafa mata fenti a sauko da ita kwari, bayan makonni a sake aunawa. Sai a 2012 aka ɗage na ƙarshe, shekara 26 bayan fashewar. A Bavariya ta Jamus har yau mafarauci kan kai naman aladen daji wurin awo, abin da ya wuce bekarel 600 a zubar, gwamnati ta biya shi. Wani bincike na 2023 ya gano kaso mai yawa na siziyom ɗin aladun ya girmi Carnobil, na gwaje-gwajen bam ne na shekarun 1950 da 1960. Mu ma wannan zamanin ya shafe mu: ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya, kuma kan waɗannan gwaje-gwaje Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961.

Abin da ke ci mini rai shi ne makiyayin Wels an auna masa tunkiya an biya shi, makiyayin Ayar, yankinku na Agadas, kuwa da jita-jita aka bar shi. A 2025 gwamnatin Nijar ta ce ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa, to nauyin awo da faɗa wa jama'a sakamako cikin Tamashek da Hausa ya ƙara hawa kanta. Ba kuma dole a zauna jira ba. Bayan Fukushima, 'yan sa-kai na Safecast sun ɗaura Gaiga a jikin motoci suka zana taswirar tururi da kowa ke iya dubawa.

Ga abin da za ku yi yanzu. Baba ya nisanci tulin dusar da kududdufan da ke gefen ma'adinin, musamman ta inda iska ke kaɗo ƙura, kada kuma a yi kwamin shayarwa da ganga ko bututun da ya fito daga can. Gaiga ba ta iya tantance ruwa, sai ɗakin gwaji. Ku haɗu da sauran masu shayarwa a rijiyar, ku sami sababbin gorunan roba, ku ɗauraye kowace da ruwan rijiyar sau uku, ku cika ta har baki, ku rubuta sunan rijiyar da ranar. Cibiyar nazarin sinadarai masu tururi ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da cibiyar binciken makamashi (CERT) ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wuraren da za a tuntuɓa ne, mutanen Aghirin'man kuma sun san hanyar aika samfur. Ku nemi a ba ku lambobi a rubuce, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya maikrogiram 30 ne na yuraniyom a lita. In takardar ta fito ka aiko mini da ita, mu karanta ta tare a wannan fili.